Wasiƙar Akawu: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka ba ni filina na kowane mako, in yi magana a kan wani al'amari da ya dami gidaje da yawa a nan Sakkwato, ko da ya ke ba a cika faɗinsa cikin taro ba. Watau zancen 'yan'uwanmu da ke zaune a ƙasashen waje, waɗanda suka sami iznin zama na dindindin, ga shi suna marmarin ganin gida, amma kwanakin da ke rubuce a jikin katinsu sun kusa cika. Su zo ne, ko su dakata? In sun zo, a bar su su koma? Sau uku aka yi mini wannan tambaya cikin watan nan, don an san aikina na takarda ne. Na ga ya kyautu in amsa wuri ɗaya kowa ya ji.

Mu mazauna Ƙofar Dundaye bai kamata zancen ƙofa ya zama mana baƙo ba. Tun da Muhammadu Bello ya kafa birnin nan a 1809 aka kewaye shi da ganuwa, aka fid da ƙofofi, da tamu, da ta Kware, da ta Rini, da ta Marke, da ta Taramniya, da sauransu. Dattawa suna ba da labari, a zamanin da birane masu ganuwa su kan rufe ƙofa in dare ya yi. Falke ya komo daga fatauci ya tarad da ita a rufe, tilas ya kwana waje, ko da gidansa na ciki, da matarsa da 'ya'yansa. Ba wanda ya ƙwace masa gida, ba kuwa wanda ya ce shi ba ɗan gari ba ne. Lokaci ne ya kuɓuce masa.

To, jama'a, ku riƙe wannan misali, gama shi ne tushen maganar. Iznin zama shi ne gidan. Kati kuwa abin da a ke nuna wa mai tsaron ƙofa ne. A Amurka da Kanada, in kwanan katin dindindin ya cika, iznin mai shi yana nan bai motsa ba. Yana zaune can cikin aikinsa ba wanda zai kore shi saboda wannan. Wahala ba ta tasowa sai ya fita ya zo komawa. Mutane da yawa su kan ji kalmar dindindin su saki jiki, waɗansu kuma su kan ga kwanan kati ya matso su firgita, su ƙi zuwa gida shekara da shekaru. Duka biyu rashin sani ne ya jawo.

Wane ne mai tsaron ƙofa a zamanin yanzu? Galibi mutane suna tsammani ma'aikacin shige da fice ne na can ƙasar. Shi na biyu ne. Na farko shi ne akawun kamfanin jirgin sama, wanda ke zaune a filin jirgi na Abuja, ko Kano, ko Ikko, yana duba takardu kafin a auna kaya. In ya ce ba ka shiga, to, ba ka shiga, ko da kana da gaskiya, gama wanda zai gane gaskiyarka yana ƙetaren teku. Dalilin tsananinsa kuwa a fili ya ke. In kamfani ya kai mutum wata ƙasa ba da cikakkiyar takarda ba, a kan ci shi tara, kuma ya komo da mutumin da kuɗinsa. A Ingila tarar fam 2,000 ce a kan kowane fasinja guda. Akawun da ya jawo wa kamfaninsa irin wannan hasara ya san makomarsa, saboda haka in ya yi shakka kaɗan sai ya hana. Ni akawu ne, na san halin. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, amma faɗa da mai duba takarda bai taɓa buɗe wa kowa ƙofa ba.

Bari in ɗauki ƙasashen ɗaya ɗaya, domin kowace da tata doka, kuma abin da ya fi ɓad da mutanenmu shi ne ɗaukar shawarar mazaunin wata ƙasa a yi aiki da ita a wata.

Na fara da Amurka. Katinsu, wanda a ke kira koren kati, shekara 10 ya ke yi. In ya rage wata 6 ya cika, mai shi yana da iko ya nemi sabo, da wata takarda mai lamba I-90. Da ya shigar da ita sai a aiko masa da rasit. Wannan rasit abin adanawa ne ƙwarai, gama a cikinsa a ke rubuta cewa an ƙara wa tsohon katin kwana kafin sabo ya fito. A Satumba na 2022 aka mai da ƙarin wata 24, a Satumba na 2024 kuma aka mai da shi wata 36. Wanda ya riƙe tsohon kati da rasit ɗin nan na asali a hannu, ya yi tafiyarsa hankali kwance. Wanda kuwa ya taho ba shi da rasit, katin ya cika yana nan gida, shi ma bai hallaka ba. Hukumar tsaron iyakar Amurka ta yarda wa kamfanonin jirgi su ɗauki mai katin shekara 10 da ya cika, muddin bai shekara a waje ba. Sai dai yarda daban, tilas daban. Ya kamata ya tambayi kamfanin tun da sauran kwanaki, kada ya bari sai ya tsaya gaban akawu da akwati a hannu.

Akwai wani katin kuma mai shekara 2, wanda a kan ba mutumin da ya sami zama ta hanyar aure, in auren bai cika shekara 2 ba ranar da aka ba shi iznin. Wannan shi ne mai haɗari, domin in ya cika ba a nemi a cire sharaɗinsa ba, ya kan tafi har da iznin. Cikin kwana 90 na ƙarshe a ke shigar da takardarsa, lambarta I-751. Duk mai irin wannan kati kada ya kuskura ya taho sai ya shigar da ita ya karɓi rasit. Ko bikin wa a ke yi a gida, ya dakata.

Sai Kanada. Nan abin ya fi tsanani ta wajen kati. Shekara 5 ya ke yi, kuma in ya cika mutum yana waje, ba jirgin sama ko na ruwa ko na ƙasa ko motar haya da za ta ɗauke shi. Ba a sabunta shi daga waje, hukuma kuma ba ta aika sabo sai ga adireshi na cikin Kanada. Hanyar da ta rage ita ce ya nemi wata takardar tafiya ta musamman daga ofishinsu na biza, wadda galibi shiga ɗaya a ke yi da ita. A nan ne a kan yi kuka, gama kafin a ba shi sai an ƙidaya kwanakinsa. Dokarsu ta ce mai iznin dindindin ya zauna cikin ƙasar kwana 730 a cikin kowace shekara 5. Ba lalle a jere ba, amma su cika. In an ƙidaya ba su cika ba, ba shi kuma da hanzari mai ƙarfi, sai a ce izninsa ya faɗi, a ba shi kwana 60 ya ɗaukaka ƙara. Kun ga mai neman takardar tafiya ya kai kansa gaban shari'a ke nan. Sauƙin da ke akwai shi ne, tun kati yana da sauran wata 9 a ke karɓar takardar sabuntawa. Wanda ya yi sakaci da wata 9, wa zai ɗora wa laifi?

Ingila kuwa ta sake tsari ɗungum. Katunan nan masu hoto da su ke bayarwa an rubuta musu cika ranar 31 ga Disamba 2024, aka ɗan yi sassauci ga matafiya har 1 ga Yuni 2025, sa'an nan aka daina karɓarsu wajen tafiya. Yanzu iznin yana rubuce ne cikin kwamfutar hukumarsu, an ɗaure shi da lambar fasfon mutum. Ga inda tarkon ya ke. Ɗan'uwa ya zo gida, ya ga fasfonsa ya kusa cika, ya sabunta shi a nan, ya tafi filin jirgi da sabuwar lamba wadda kwamfutar can ba ta sani ba. Akawu ya buga, ba a sami sunansa ba. Maganin wannan shi ne, ranar da ya karɓi sabon fasfo ya shiga asusunsa ta intanet ya sa sabuwar lambar, kuma ya riƙe tsohon fasfon tare da sabon. Iznin dindindin na Ingila kuwa ya kan faɗi in mutum ya yi shekara 2 a jere ba ya ƙasar.

Ba zan wuce ban ambaci ƙasar Makka ba, gama a can mutanenmu suka fi yawa, waɗansu ma kakanninsu ne suka tafi a ƙasa ta Sudan. Takardar zaman can, iƙama, wadda namu ke kira igama, ba ta dindindin ba ce ko da mutum ya yi shekara arba'in. Sabunta ta a ke yi, kuma tana rataye ga kafili, watau wanda ya ɗauki mutum aiki. Mai son zuwa gida sai an buga masa iznin fita da komowa, mai ƙayyadaddun kwanaki. A 2019 suka fito da wani izni mai ɗorewa, amma kuɗinsa riyal 800,000 ne. Wa ke da su cikin masu ɗinki da direbobi da masu tsaron kanti? Saboda haka mazaunin can ya duba kwana biyu kafin ya taso, da na igama da na iznin komowa, ya kuma tabbata akwai wanda zai ƙara masa kwana daga can in wani abu ya tsare shi.

In kun lura, agogo biyu ne ke tafiya a kan kowane matafiyi. Na ɗaya shi ne kwanan da ke jikin kati, wanda kowa ke gani. Na biyu shi ne yawan kwanakin da mutum ya yi a waje, wanda ba a rubuta a ko'ina ba, amma shi ya fi kisa. Na farko ya kan hana ka jirgi, na biyu ya kan raba ka da iznin. A Amurka wanda ya wuce wata 6 a waje ya shirya amsa tambayoyi, kuma yana iya ɓata lissafinsa na neman zama ɗan ƙasa. Wanda ya shekara, katinsa ba ya shigar da shi ko da yana da sauran shekara tara. In mutum ya san zai daɗe, akwai takardar iznin komowa mai kai har shekara 2, amma tun yana can a ke nemanta. In ya shekara ba shi da ita, sai neman bizar mai komowa a ƙaramin ofishin jakadancinsu na Ikko, inda zai kawo shaida cewa abin da ya fi ƙarfinsa ne ya tsare shi. Wani abu kuma, in mutum ya sauka can aka miƙa masa takarda mai lamba I-407 aka ce ya sa hannu, ya karanta tukuna. Takarda ce ta mai cewa ya bar izninsa da kansa. Sa hannun ba tilas ba ne, yana da iko ya ce a kai maganarsa gaban alƙali.

Wani zai ce, “Ai mako uku kaɗai zan yi, katina kuwa yana da sauran wata ɗaya.” To, ɗan'uwa, tuna baya kaɗan. Ranar 23 ga Maris 2020 aka rufe filayen jirgin ƙasar nan ga jiragen waje saboda annobar korona, ba a buɗe ba sai 5 ga Satumba. Wata biyar ke nan da kwanaki. Wanda ya zo hutun mako uku a lokacin, ina lissafinsa ya kwana? Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar Illela da Birnin Ƙonni, ga ta nan kusa da mu, sai a Maris 2024 aka buɗe. Wanda ya yi niyyar komawa ta Yamai ya ga ta kansa. Ban da wannan ga zazzaɓi, ga yajin aiki, ga jirgin da a ke sokewa saboda hazo. Mai tafiya da kwanaki daidai wa daida kamar mai ƙetare gulbin Rima ne da damina cikin jirgi mai yoyo. Yana iya kaiwa gaci, amma ba dabararsa ce ta kai shi ba.

Ga kuma zancen ratse. Ɗan Nijeriya da zai sake jirgi a Ingila, ko Faransa, ko Jamus, doka ta ce sai da bizar ratse, ko da ba zai fita filin jirgi ba. Abin da ke ɗauke masa wannan shi ne katin zama na Amurka ko Kanada mai sauran kwana. In katin ya cika, gatan ya faɗi. Mai tafiya da tsohon kati da rasit ya tambaya tun kafin ya yanki tikiti ko ƙasar ratsen ta yarda da rasit, ko kuwa ya nemi jirgin da ba ya bi ta can.

Yanzu in juyo gare mu, mu na gida, gama rabin wahalar daga wajenmu ta ke. Bara wani dattijo na unguwarmu ya zo mini da yamma, ransa a ɓace. Matarsa tana kwance, ɗansu kuwa yana Kanada, ya ce a waya yana tsoron tahowa.

Ya ce mini, “Malam, mi ah hana ma yaron ga zakkuwa? An ce muna ya samu takardar zama ta har abada. Ko dai ya mance da uwa tai?”

Na ce, “Baba, ku yi haƙuri, bai mance ba. Ku bari in ji daga bakinsa.”

Na kira shi, na yi masa tambaya uku: yaushe katin zai cika, kwana nawa ya yi cikin ƙasar a shekara biyar da suka wuce, kuma ya shigar da takardar sabuntawa ko tukuna? Katin yana da sauran mako bakwai, kwanakinsa sun cika har da ƙari. Na ce ya shigar da takardar, ya taho cikin makon nan, ya yi kwana goma sha huɗu, ya koma da sauran wata guda a hannu. Haka aka yi. Ya zo ya zauna gefen mahaifiyarsa, ta gan shi ta sa masa albarka. Da kwanakinsa suka cika, sai dangi suka taso, wai ya tsaya bikin ƙanwarsa da za a yi bayan wata guda, in ya tafi ya raina su. Sai dattijon nan ya tsawata, ya ce, “Ku bar shi shi koma. Ɗiyanai na can, abincinai na can.” Wannan magana ta dattijo ita na ke so iyaye su ji.

Muna da halaye biyu da ke jefa 'ya'yanmu cikin wahala, duka kuwa ƙauna ce ta kawo su. Na ɗaya, mu kan ɓoye musu rashin lafiya. A ce kada a tayar masa da hankali, a yi ta cewa da sauƙi, da sauƙi, sai abu ya yi nisa a buga waya da tsakar dare. A sa'an nan ba shi da lokacin neman rasit ko duban kati, sai ya taso a ruɗe. Da an gaya masa tun ciwo yana ƙarami, da ya shirya a natse. Na biyu, in ya zo mu kan riƙe shi. Ka tsaya Salla, ka tsaya suna, ka tsaya sadakar arba'in. Shi kuma kunya ta hana shi cewa a'a ga manya, kwanaki suna ta tafiya. In ya rasa zamansa, wa zai biya kuɗin makarantar ƙannensa da ya ke biya, wa zai sayi maganin tsohuwa? Matarsa da 'ya'yansa kuma suna can ƙetare, ga shi nan.

Ga abin da na gani game da rasuwa, ko da ya ke magana ce mai nauyi. A ƙasarmu ba a jinkirta jana'iza. Wanda ya rasu da safe, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ba jirgin da zai kawo mutum daga Amurka ko Kanada ya riski wannan. Saboda haka gaggawa ta dace ne tun majinyaci yana da rai, yana gane mai shigowa. In ƙaddara ta riga ta faɗa, wanda takardarsa ba ta kammala ba ya yi addu'a daga inda ya ke, ya gyara takardarsa, sa'an nan ya zo ya gai da dangi. Ta'aziyya ba ta tsufa. Kada kuwa dangi su ɗauke shi mara zumunci saboda ya yi jinkirin mako shida.

Kada wani ya ce takarda ba kome ba ce, an san ni a garin, na daɗe. Tarihi ya ƙaryata wannan. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja tun kafin zuwan Turawa, suka zauna a zangunan Kumasi da Ankara, suka hayayyafa. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busia ta Gana ta ba da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fita cikin kwana 14. Mutane masu ɗimbin yawa suka kwaso abin da za su iya ɗauka, cikinsu har da waɗanda can aka haife su, ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba. A Janairu 1983 mu ma muka yi wa baƙinmu irin wannan, ba abin alfahari ba ne. A Ingila kuma, mutanen tsibiran Karebiyan da suka fara zuwa a 1948 cikin jirgin ruwa mai suna Windrush, dokar 1971 ta ba su zama na dindindin, amma da yawa ba a ba su wata takarda a hannu ba. Bayan shekara arba'in aka ce su kawo shaida. Waɗansu suka rasa aiki, waɗansu aka tsare su, waɗansu da suka tafi ganin gida aka hana su komowa. Da abin ya fallasa a 2018 har ministar cikin gida, Amber Rudd, ta ajiye aiki. Suna da gaskiya, ba su da shaida. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga shawarwarina a taƙaice, wanda ya ga dama ya yanke su ya aika wa nasa.

Na ɗaya, kafin ka yanki tikiti fid da kati da fasfo ka karanta kwanansu da idonka, kada ka dogara ga tunani. Ƙasashe da yawa ba su karɓar fasfon da ya rage ƙasa da wata 6.

Na biyu, in lokacin sabuntawa ya shiga, shigar da takarda ran nan, ka jira rasit, ka tafi da na asali cikin jakar hannu. Kada ka sa shi cikin akwatin da za a auna.

Na uku, bar rata. A ganina kada ta gaza wata guda tsakanin ranar komawa da ranar cikar kati.

Na huɗu, ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar fita da ranar shiga ta kowace tafiya, ka adana tikitoci. Ranar da za a ƙidaya maka kwana, wannan littafi ya fi shaidu goma.

Na biyar, duba sunanka. Wannan ciwo ne namu na musamman. A kati Muhammadu, a fasfo Mohammed, a lambar ɗan ƙasa Muhammad, ranar haihuwa ma kowace takarda da tata. Mu mun san mutum ɗaya ne, kwamfuta ba ta sani ba. A daidaita su tun ana zaune lafiya.

Na shida, ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, ka bar ɗaya wajen amintacce a can, ɗaya a nan. In kati ya ɓace a gida, da wannan hoto za ka fara neman takardar shiga jirgi a ofishin jakadanci.

Na bakwai, ka guji dillalan da ke cewa sun san wani a ciki. Katin da ya cika laifinsa kaɗan ne, ana gyara shi. Hatimin jabu kuwa shi ke rufe ƙofa har abada. Dokokin nan su kan sake, saboda haka a ɗauki magana daga bakin hukumar ƙasar ko lauyan da ya san aikin.

Na takwas, wanda ya cika shekarun neman zama ɗan ƙasa ya yi tunani a kai. Tsarin mulkinmu na 1999 ya yarda wa haifaffen Nijeriya ya riƙe ƙasa biyu. Mai fasfon ƙasa ba ya ƙidayar kwana, ya zo ya yi jinyar iyayensa shekara guda ya koma ba mai tambayarsa.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ba mu so 'ya'yanmu su bar gida saboda tsoron wata 'yar takarda, ba mu kuwa so su zo gida su rasa abin da suka yi shekaru suna wahala a kansa. Su shirya tun da wuri, mu kuma mu gaya musu gaskiya tun da wuri, in sun zo mu sallame su a kan lokaci. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya, amin.

Mako mai zuwa, in muna da rai, zan yi magana a kan 'ya'yan da aka haifa a waje, da takardun da su ke bukata in za a kawo su ganin kakanni. Wanda ke da tambaya ya aiko ta hannun Edita.  Haza wasalam.

Ni ne naku,
Akawu,
Ƙofar Dundaye, Sakkwato.